Yadda Yaya Mati Ya Auna Ɗakina da Kara

Ku da kuka san Yaya Mati kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya gama kallon mutum. Ka ce masa, "Malam, ina kwana?" shi kuwa idonsa ya tashi daga kan hularka, ya gangaro a hankali har babban yatsan ƙafa, leɓensa yana motsi. Sai ya kai ƙasa sannan ya ce, "Lafiya lau." Ran da ya ga dama ya ƙara da, "Ka rage tsawo fa." Innalillahi! Wa ke son jin wannan daga bakin mutumin da ke auna gawa?

Don wanda bai san mu ba, ni ce Hajjo, autarsu, uwa ɗaya uba ɗaya. A Gagarawa na yi aure. Da maigidana ya rasu na dawo gidan mahaifinmu a nan Gumel, Yaya ya ba ni ɗakin can ƙurya, na zauna ban ƙara yawo ba, don gwiwoyina sun riga ni tsufa. Shi kuwa tun yana saurayi shi ke haƙa kabari a unguwarmu, don Allah kawai. Yana da damin karan dawa a jingine a zaure. In an yi rasuwa sai ya zari ɗaya, ya shiga ya shimfiɗa shi a gefen mamaci, ya yanke daidai tsawonsa, ya wuce maƙabarta ya fitar da awo. Kowane mamaci da nasa karan, tare ake rufe su. Haƙa da sunkuyo suka lanƙwasa masa baya har ya dawo kusan tsawona, ni da ake yi wa tsiyar gajarta.

Na sha ce masa, "Yaya, don girman Allah ka daina auna mutane da ransu."

Sai ya ce, "Ba ni nake yi ba, Hajjo. Ido ne ya saba."

Akwai masu cewa yakan yanke kara tun kafin a aiko. Ni dai na taɓa ganinsa wata rana bayan azahar yana zaune yana datse kan wani kara, unguwa shiru, ba wanda ya rasu. Kafin la'asar kuka ya tashi a gidan bayanmu. Da na tsare shi da ido ya ce, "Tarin mutumin nan ta bango nake jin sa tun farkon mako. Kunne gare ni, ba aljani ba." Na ce to. Me zan ce?

Wannan mutumin ne fa a ƙarshen rayuwarsa ya koma ba shi da zance sai na kebul da suwic!

Ɗansa Nasiru, wanda ke aiki a Fatakwal, shi ya jawo mana. Ya zo hutu da wani farin faranti, aka kafa a kan rufin zaure, aka haɗa masa sola, wai daga sama yake kamo intanet. Duk gidan ba wanda ya kai ni murna. 'Yata Zulai, ita kaɗai Allah ya bar mini, tana Jidda da mijinta. Ta daɗe da aure shiru, sai ga ciki. Da a nan take da ta dawo gida haihuwa, na dafa mata ruwan wanka da hannuna. To ga nisa. Abin da ya rage mini kawai in riƙa ganin fuskarta a waya, mu yi magana irin ta uwa da 'ya, ba kunnen kowa.

Amma gidanmu ginin ƙasa ne na kakanmu, bango ne mai kaurin gaske. A zaure abin gudu yake kamar me. Ka zaga bayan bango ɗaya ya fara ɗingishi. Kafin ya iso ɗakina ya mutu murus.

Nasiru ya ce, "Baba, iska ba za ta ratsa bangon nan ba. Sai dai a ja kebul zuwa kowane ɗaki, a binne shi a ƙasa."

Yaya ya ɗago. "A me?"

"A binne."

Wallahi sai da idonsa ya yi haske. Ya ce, "Ka kawo magana gidanta. Ni duk abin da na binne bai taɓa dawowa da ƙorafi ba."

Hutu ya ƙare, Nasiru ya koma, ya bar ubansa da aikin, yana yi masa bayani ta waya. Shi kuma tsohon ya kamu. Da safe ya kunna karatu daga Makka a talabijin ɗin zaure, da hantsi ya koma kallon katafila tana haƙa a ƙasashen da ba mu san sunansu ba, yana tsaki. "Dubi gefen ramin nan a karkace! Inji guda, ya kasa miƙe gefe."

Sayen kebul a Maigatari aka yi shi. Ban je ba, ina ni ina zuwa, amma na ji labarin daga baki biyu: bakin Yaya, da bakin Muntari mai shagon, wani ɗan Magarya daga tsallaken iyaka, ran da ya zo mana ta'aziyya.

Ranar kasuwa ce. Yaya ya ratsa shanu da manyan motoci ya isa shagon, ya ɗora karansa a kan tebur. Muntari bai san shi ba, sai da maƙwabcin shagonsa ya raɗa masa sana'ar tsohon.

Yaya ya ce, "Kebul na intanet. Mai lamba shida, kada ka ba ni mai lamba biyar."

"Akwai, Baba, mai kyau! Rezo zai riƙa gudu kamar kaminyo a gangare. Mita nawa?" Haka suke ce wa netwok da babbar mota a can wajensu.

"Mutum sittin."

"Na'am?"

"Mutum sittin na ce. Ni ban san mita ba."

Muntari ya dubi karan da ke kan tebur. "Baba, wane irin mutum? Dogo ko gajere?"

Yaya ya dube shi daga sama har ƙasa, leɓe na motsi. "Matsakaici. Kamar kai."

Aka sauko da kwali. Yaya ya zaro wuƙa ya fere fatar kebul ɗin, ga 'yan wayoyi takwas a murɗe bibbiyu, kowace da launinta. Ya kankare ɗaya yadda Nasiru ya koya masa: waje ja, ciki fari fat. Ya ƙyasta ashana ya kara mata, ta lanƙwashe ta zube kamar zaren da ya ji wuta.

Ya ce, "Yaro, wannan alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kamar tsohuwa ta sha lalle. In na sa shi a ƙasa damina ɗaya zai zama gari. Na san abin da ƙasa ke yi wa abu." Ya ɗauki karansa ya fara jujjuya shi, yana kallon mai shagon.

Muntari ya ce mini, "Wallahi Hajiya ban san lokacin da hannuna ya shiga ƙarƙashin tebur ya jawo na gaskiyar ba. Har yau in na tsaya gaban madubi sai in tuna ni matsakaici ne."

Sai maganar suwic. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan akwati ne mai 'yan ƙofofi a jere. Kebul ɗaya ya shigo daga wajen faranti, sauran su fita zuwa ɗakuna. Kowace ƙofa da 'yar fitilarta, in akwai abu a haɗe can ƙarshen kebul sai ta kama ƙiftawa, in babu ta zauna a mace. Tun kafin ya je kasuwa, ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji shi da Nasiru suna musu a kai, don Yaya ba ya waya sai a buɗe, kowa ya ji.

"Baba, ka duba jikin kwalin, ka tabbata mai gudun dubu ne. Mai ɗari zai shaƙe abin, kebul ɗinka mai kyau ya tashi a banza."

"Na ji. Mai dubu."

"Kuma ka ɗauki mai ƙofa goma sha shida, saboda gaba."

"Na lissafa. Da ta faranti, da ta zaure, da ɗakina, da ɗakuna uku na yaran gidan nan, da ɗakin baƙi, da na Gwaggonka Hajjo, takwas cif. Sauran takwas ɗin su zauna a buɗe suna jiran wa?"

"Ko za a ƙara ɗaki, Baba."

"Nasiru, ni tunda nake ban taɓa buɗe wuri na bar shi ya kwana ba kowa a ciki ba. Abin da aka buɗe jira yake yi."

"Haba Baba, wannan fa na'ura ce!"

"Shi ma wancan ramin ai ba rai gare shi ba."

Nasiru ya haƙura da musun. Ni ma shinkafar ta tsaya a hannuna.

A shagon ma Muntari ya nuna masa wani babba mai fanka a ciki, ya jona masa ya gani. Yaya ya kara a kunne ya ajiye da sauri. "Wannan numfashi yake yi. Ba na zama da abin da ke numfashi ban san sunan ubansa ba. Ƙura ma zai sha ya shaƙe." Ya ɗauki ɗan ƙarami na ƙarfe, mai ƙofa takwas, wanda ko uffan ba ya cewa, ya kafa shi a bangon zaure inda ruwa ba ya taɓawa.

Jama'a, da kun ga tsakar gidanmu a kwanakin nan! Ya fito da diga da shebur, irin waɗanda kuka sani, ya tsaga ƙasa daga zaure zuwa ƙofar kowane ɗaki, gefe a miƙe sambal kamar an ja da zare. Ya zura kebul a bututun roba saboda gara da ɓera, ya kwantar da shi a hankali da hannu biyu, ya mayar da ƙasa, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓa da tafinsa. Sannan sabo ya rinjaye shi, ya ɗaga hannu ya shafa fatiha. Mu kuma daga bakin murhu mu ce amin, don ba ka jin fatiha ka yi shiru. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta ga tudun ƙasa dogaye a jere da ruwa a kansu, ta juya ba sallama. Takalminta sai aika mata aka yi.

Kowane ɗaki da kara yake auna shi. Ya kwantar, ya ɗaga, ya kwantar, tun daga gindin suwic har inda mai ɗakin ke kwana, yana ƙirga, "Mutum ɗaya, mutum biyu." Ɗakuna suka ƙare, saura nawa. Na hango shi yana tahowa a sunkuye, kara yana tafe a gabansa. Ban san ina da sauran ƙarfi a gwiwa ba sai ranar. Na miƙe na tare ƙofa da hannu biyu.

"Yaya, tsaya nan."

"Matsa, Hajjo, kina ɓata mini lissafi."

"Karan nan ba zai shiga ɗakina ba."

Ya ɗago ya dube ni. Ya san dalili, ba sai na faɗa ba. Sau uku karan Yaya ya taɓa shiga ɗakin da nake kwana, duk a Gagarawa. Ɗaya dogo, na maigidana. Biyu 'yan gajeru, na yayyen Zulai, waɗanda ya fita da su a hannu ɗaya. Yanzu kuma Zulai da ciki, a ce kara ya sake tsallaka dokin ƙofata? Ku ce jahilci ne, na yarda. Amma zuciyata ta ƙi.

Na ce, "Ka auna da ido mana, ba ka ce ido ya saba ba?"

"Da mutum ya saba. Ƙasa sai kara."

"To ka tsaya a bakin ƙofa."

"Kebul ba suruki ba ne da zai tsaya a bakin ƙofa yana sunkuyar da kai. Har gado yake zuwa."

Nasiru ya aiko da tef na awo irin na masu gini. Yaya ya ja shi, ya sake, abin ya zuƙe da gudu ya shige gidansa. Ya ce, "Abin da ke gudu ya ɓuya ba zai yi mini shaida ba." Ya ba yara suka yi wasa da shi. Nasiru ya ce to a yanko da yawa kawai, in ya yi saura a naɗe. Yaya ya ce shi bai taɓa yanka abu da ka ba, kuma ba a kan ƙanwarsa zai fara ba.

Haka fitilu bakwai suka riƙa ƙiftawa a zaure, kore shar, ta takwas a mace. Ƙofar nan a buɗe ta hana Yaya sakat. Ranar farko ma bai bari rana ta faɗi ba sai da ya samo auduga ya toshe ta da tsinke, wai kada zanzaro ya yi gini a ciki. Ku da kuka taɓa shiga ɗakin wankan gawa kun san yadda ganin audugar nan yake. Kullum in ya zo gaishe ni da safe, bayan ya gama kallona daga ɗankwali zuwa ƙafa, sai ya ce, "Taki tana nan fa. Tana jiranki."

"Yaya, ka canza magana!"

"To ƙarya zan yi? Kowa ya shiga tasa, saura ke."

A'uzubillahi! Sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Ana cikin haka aka yi abin Alhaji Bawa, ɗan kawunmu mai shagon hatsi a Sule Tankarkar. Ya zo ya ga aikin ya yaba, ya ce Yaya ya je ya yi masa irinsa. Aka sa rana. Kafin ranar masassara ta kayar da Alhaji, ya manta, bai gaya wa kowa a gidansa ba. Sai ga Yaya ya sauka daga acaɓa, kara a hannu, diga a kafaɗa, kebul a ƙunshe cikin farin ƙyalle don kada ya yi datti. Ya yi sallama ya ce, "Ina Alhaji yake kwance? Daga nan zan fara awo."

Mata suka kurma ihu. Wata ta faɗi. Alhaji Bawa, wanda aka ce ko ruwa sai an ɗaga masa kai, ya fito a guje da ɗan gajeren wando yana cewa, "Mati, da raina! Wallahi da raina!"

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Na gani. Matsa ka ba ni hanya."

A ranar masassarar ta sauka, ba allura ba ƙwaya. Na yi dariya har da hawaye da aka ba ni labari. Amma ƙofata dai ban buɗe ba.

Shi kuwa bai fasa shiri ba. Waya ba ta da wurin da kebul zai shiga, sai an samo mata adafta, wani ɗan abu mai wutsiya da ke haɗa su. Ya karɓi wayata ya kai ta Maigatari da kansa, don ya ce bakin waya iri-iri ne, ba ya saye da ka. Na farkon da ya kawo ya mayar, wai ba shi da wurin jona caji a gefe. Ya ce wa Muntari, "Ƙanwata in ta fara surutu batir ba ya kai ta. Ba ni wanda za ta ci tana sha." Ya kawo na biyu, ya gwada shi a kebul ɗin ɗakinsa ya ga yana yi, ya ɗinka masa 'yar jaka ya rataye a ƙusar da ke saman ƙofata. Iska ta riƙa kaɗa shi kamar laya. In na fita ya taɓa mini kai, in na shiga ya taɓa mini kai.

Ni kuma in zan kira Zulai sai in ja gwiwa zuwa tsakar gida, in raɓe jikin bangon zaure inda ake ɗan samu. Ga awaki, ga masu daka, ga kunnuwa ta kowane ɓangare. Me za ka faɗa a nan? "Kina lafiya? Kina cin abinci?" Shi ke nan.

Wata rana, watanta ya tsaya, na kira ta da yamma. Na ga fuskarta ta kumbura. Ta matso da baki kusa ta ce, "Inna, akwai abin da nake ji tun jiya, ban gaya wa kowa ba..." Sai hoton ya tsaya cak. Ido a rufe rabi, baki a ɗan buɗe, ba motsi. Jama'a, na san irin wannan fuskar. Na taɓa ganinta ba a waya ba. Na jijjiga wayar, na kira sunanta, na ɗaga sama, na kara da bango, fuskar tana nan yadda take. Da ƙyar ta dawo, muryar a yayyanke, tana cewa, "Ba komai Inna, sai mun yi magana." Da na juya, Yaya yana tsaye a ƙofar zaure yana kallona. Rannan ko ƙafata bai duba ba.

Washegari da hantsi na ji sallamarsa.

"Hajjo, fito ki tsaya."

Na fito. A hannunsa wani kara ne sabo, dogo, miƙaƙƙe, an datse kansa tsaf. Ya kafa shi a ƙasa kusa da ni. Ya wuce kaina da taƙi guda har da ɗori. Shi ma da ke riƙe da shi ya wuce masa kai.

"Zulai ta fi ki tsawo?"

"Iyakarta kunnena."

"To kin gani. Wannan ba naki ba ne, ba na Zulai ba ne. Abin da ke cikinta kuwa ba a ma maganarsa."

"Na waye?"

"Kowane kara da mai shi. Aro na yi. Matsa."

Na tsaya ina lissafa dogayen unguwa a raina: ladan, mai nama na bakin titi, Alhaji Bawa ma na sa shi a ciki. Allah ya yafe mini, daɗi na ji da ba namu ba ne. Na matsa.

Ya koma zaure ya faro. Ina jin gwiwoyinsa suna ƙara, ina jin muryarsa tana matsowa, "Mutum ɗaya, mutum biyu," har kara ya tsallake dokin ƙofa, ya kwanta a kan tabarmata, ya taɓa ƙafar gadona. Na runtse ido. Ba abin da ya faru. Kaza ma tana ta tononta a waje.

Shi kaɗai ya yi haƙan, ya ƙi a taya shi. Na lura yana yawan tsayawa ya dafa diga ya yi numfashi, na ce ya huta, ya ce in shiga harkata. Ya kwantar da bututu, ya rufe, ya yayyafa ruwa, ya shafa fatiha. Ya sauko da adafta daga ƙusa ya jona mini. Sannan ya ce sai na zo zaure na gani da idona. Ya zare audugar nan da tsinke, ya tura kan kebul har ya ce ƙas. Fitila ta takwas ta buɗe ido, kore shar, ta shiga ƙiftawa.

Ya ce, "Kin gani? Kina da rai."

Na koma ɗaki na ja ƙofa na kira Zulai. Wayyo Allah! Har gumin da ke kan hancinta ina gani. Abin da ta faɗa mini namu ne ni da ita. Iyaka dai na ce kada ta jira gobe, ta sa mijinta ya kai ta asibiti yanzu, kuma ta ji. Ina kan gadona ina riƙe da ita a hannu har aka shiga da ita, caji a jone, batir bai ce uffan ba. Allah ya sauke ta lafiya, namiji.

Da aka nuna mana jaririn na kira Yaya. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido. Sai na ga idon nan ya tashi daga kan yaron ya fara gangarowa, leɓe ya fara motsi. Na kai hannu na rufe fuskar wayar.

"Yaya!"

Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, har da tari. Ya ce, "Kwantar da hankalinki. Wannan ya fi ƙarfina, kullum ƙaruwa zai yi. Wani ne can zai auna shi, ba ni, ba ke."

Dogon karan kuwa a lungun ƙofata ya jingine shi. Ya ce, "Ajiye mini. Kada awaki su ci, kada a hura wuta da shi." Na ce ajiyar ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce ai na riga na san ba nawa ba ne. Yana nan har aka yi girbi. Kullum in na ji an yi rasuwa a unguwa sai in leƙa in ga ko zai zo ya ɗauka. Sai ya zari wani daga dami ya wuce.

Bayan kaka, wata safiya, ya sha kununsa, ya zauna a zaure gaban talabijin. Aka shiga ɗauko kwano aka tarar ya jingina da bango, katafila tana ta haƙa, ba mai yi mata tsaki.

Maza suka taru, aka yi wanka, sai aka tsaya ana kallon juna. Mai awo ne a kwance, wa zai auna? Ladan ya ce a miƙo kara. Kafin a kai ga damin zaure na ji bakina ya ce, "Ga wani nan a ƙofata." Ladan ya karɓa, ya karɓi wuƙa, ya shiga. Bai daɗe ba ya fito, ya tsaya a gabana, wuƙar a hannunsa ko buɗe ta bai yi ba.

Ya ce, "Hajjo, ba abin yankewa."

Na manta. Duk mun manta. Shekarun da ya yi a sunkuye sun sa mun manta Yaya dogo ne. Sai da aka miƙe shi.

Nasiru ya iso bayan an kai shi. Da aka share makoki aka kwashe kayan ɗakin ubansa, ya je zaure ya zare kebul ɗin ɗakin daga suwic, ya naɗe. Na zo wucewa da yamma na ga ƙofar nan a buɗe, baƙa, fitilarta a mace. Na wuce. Na dawo. Na kasa. Na shiga ɗaki na tsinko auduga daga matashina, na samo tsinke, na tsaya ina turawa.

Nasiru ya same ni a haka. "Gwaggo, ke ma?"

Na ce, "Ni ma. Zanzaro."

Tana nan a toshe har yau. Shekaranjiya da la'asar na ga kamar fitilarta ta ƙifta sau ɗaya. Na gaya wa Nasiru a waya, ya ce hasken rana ne ya faɗo daga kwanon maƙwabta. Na ce haka ne. Amma dai na yi mata sallama kafin na wuce.

Yaron Zulai yanzu yana dafa kujera yana miƙewa. Kullum sai na gan shi daga kan gadona, ta kebul ɗin da ke kwance a tsakar gida, wanda aka auna da tsawon kakansa.

Ya Allah, bawanka Mati ya miƙe wa bayinka gefen makwancinsu tsawon ransa, bai taɓa barin na kowa a karkace ba. Ka yalwata masa nasa fiye da awon kara. Ka haskaka masa shi, Ka sanyaya masa ƙasa. Ranar da tamu ƙofar ta buɗe, Ka sa mu tarar da shi a miƙe. Amin.